Gwangwanin Hajiya Kemis

Akwai wasu mutane, sun san kansu, da ba su da sana'a sai zaman bakin shago suna leƙen wa ya shiga asibiti, wa ya fito, me ya riƙo a leda. Ko kaza ba su taɓa yankawa ba, amma Allah kaɗai Ya san rayukan da ke wuyansu. Tsoron bakinsu ke sa mutum ya tsallake magani a ƙofar gidansa ya tafi uwa duniya nemansa, ko ya ja bargo ya ƙare a ɗaki. Su ne suka kusa cinye ɗan 'Yar Shiru tun yana ciki, alhali a lokacin ko baki ba su buɗe ba.

Ranar da abin ya soma, Hajiya Kemis na zaune a falonta ta ɗora gwangwaninta a cinya. Tsohon gwangwanin biskit ne, fentinsa duk ya goge, cike da ragowar magunguna: na zazzaɓin da wani bai ƙarasa ba, na tarin wani, har da na hawan jinin marigayi maigidanta. A gidanta ba a shanye magani, ba a kuma zubarwa. Ka ji sauƙi, ka kawo saura, gobe wani ya sha. Nan ta samo sunan Kemis, kuma ba ta jin haushinsa.

Surukarta 'Yar Shiru na durƙushe a gefen kujera, ƙurar tafiya ba ta ma bar mayafinta ba. Mijinta, ɗan Hajiya na fari, wanda kowa ke kira Injiniya saboda gyaran janareto, ya jingina da bango yana kallon ƙasa.

"Miƙo robar maganin," in ji Hajiya.

'Yar Shiru ta miƙa da hannu biyu. Hajiya ta sa farce ta ɓare takardar jikin robar tas, ta juye ƙwayoyin a tafin hannu tana juya su.

"Kullum ɗaya suka ce?"

"E, Umma. Suka ce kada in tsallake ko rana ɗaya."

"Haka suke cewa a kan kowane magani. Ni da na raini 'ya'ya da gwangwanin nan za a koya wa? Ciwonku ɗaya, maganinku ɗaya. Yau ke, gobe shi. Shi ke nan!"

Ga yadda aka zo nan. 'Yar Shiru tela ce, a ɗakinta take ɗinki. Tun tana budurwa Injiniya ya zo gyara mata motar keken ɗinki, ya gyara a zama ɗaya, amma ya yi ta dawowa wai yana jin wata ƙara a ciki, har yayarta ta ce masa in ƙarar a ƙirjinsa take ya turo manya. Suka yi aure, Allah Ya kawo ciki. Wajen awon farko aka gwada jininta aka ce tana ɗauke da HIV. Ta dawo ta gaya masa ba ɓoye-ɓoye. Ya je wani ɗakin gwaji a can cikin gari, shi ma aka ce yana da shi. Wa ya kawo wa wa? Wannan tambayar 'yan bakin shago ce. Su dai sun yi kukansu, suka yi alkawarin ba za su tona wannan ramin ba.

Kuskurensu na farko shi ne barin Hajiya ta yanke hukunci. Ga asibitin unguwa nan, daga ƙofar gida ana hango tankin ruwansa. Sai dai ƙofarsa na kallon jerin shaguna, a tsakiyar jerin kuwa akwai mai sayar da yadi da ake kira Rediyo, ƙawar Hajiya ce ta gaisuwa, abokiyar gabarta ta zuci. Ga kuma ƙanwar Injiniya an kusa sa mata rana.

"Ba mai taka asibitin nan," Hajiya ta ce. "Ke da ciki ya tona, ki tafi babban asibitin wancan garin inda ba a san fuskarki ba. Shi kuwa yaron nan ba zai hau layin masu ƙanjamau ba ina raye. So kuke a fasa auren yarinya?"

Haka aka yi ta yi. Mota biyu take hawa kafin ta isa, ta dawo da ƙafafu a kumbure, ta miƙa robar. Kowace safiya Hajiya ta buɗe gwangwani ta ba mai rabo. Ita kuwa 'Yar Shiru, in ta ga maigidanta na tari yana zufa, ranar rabonta ma sai ta ɓoye ƙwayar a gefen zani ta kai masa ɗaki.

"Haba Madam, taki ce fa."

"Na sha tawa, wannan ƙari aka yi mini."

"Siriyos?"

"Sha mana, Injiniya, ka cika tambaya."

So ne, ba wanda ya ce ba so ba ne. Amma so in ya haɗu da rashin sani, rami yake haƙawa.

Ciki ya tura sosai aka sake ɗibar jininta. Ranar da ta koma karɓar sakamako, malamar asibitin, wata doguwa mai gilashi a kan hanci, ta rufe ƙofa ta jawo kujera kusa da ita.

"Ƙanwata, kina shan maganinki?"

"Ina sha, Sista."

"Kullum?"

'Yar Shiru ta kama wasa da bakin mayafi.

"Jini ba ya ƙarya," in ji Sista. "Da kullum kike sha, da yanzu ƙwayar cutar ta kwanta har na'ura ta kasa ganinta. Taki tana nan tana wasa. Kin san ma'anar haka? In kika haihu a wannan hali, abin da ke cikinki zai iya ɗauka."

Nan hawaye suka ɓalle. Ta zayyana komai, da gwangwani, da yau-ke-gobe-shi, da ƙwayar gefen zani. Sista ta cire gilashi ta dafe goshi.

"Inna lillahi! Ku biyu a kan roba ɗaya? To ba ke kika samu ba, ba shi ya samu ba. Cutar ma kuke koya wa yadda za ta saba da maganin, wata rana ya daina yi muku aiki. Wai me ya hana shi buɗe katinsa? Ba sayarwa muke yi ba!"

"Nisa, Sista… da idon mutane."

"Wace unguwa kike?"

Ta faɗa. Sista ta yi tsaki.

"Asibitin unguwarku na bayarwa. Irinsa sak, mota ɗaya ke kawo mana, mu da su. Manyan asibitocin gwamnati na da shi, ƙananan cibiyoyin lafiya da yawa na da shi, inda babu kuma za su nuna miki mafi kusa. Kin tsallake rijiya a tsakar gida kin zo neman ruwa a dawa da tsohon ciki! Zan rubuta miki takardar canjin wuri. Har yanzu da sauran lokaci, amma daga yau ƙwayarki taki ce. Shi kuma ki jawo shi ko da igiya."

Daga tasha ba ta nufi gida ba, shagon Injiniya ta wuce. Ta same shi tsakanin janareto biyu da ya kwance, ya auna baƙin mai a gwangwani zai ɗura wa ɗaya. Ya ɗago yana murmushi.

"A'a, Madam da kanta! Yau wace rana?"

Ta karɓi gwangwanin man daga hannunsa, ta tsiyaya rabi a wannan injin, ta juya ta tsiyaya rabi a wancan. Sannan ta kama igiyar tayarwa.

"Ke! Ke! Tsaya!" Ya yi tsalle ya riƙe hannunta. "Kin san me kike yi kuwa? Man inji ɗaya ne! Ki tayar da su haka, duka biyun za su buga!"

"Duka biyun?"

"Wallahi duka! Gara ki bar ɗaya ba mai sam, ki cika ɗaya."

"To ni da kai fa?" ta ce. Ta dafa cikinta. "Mu ma uku ne, ba biyu ba."

Igiyar ta suɓuce ta koma da ƙara. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ta gaya masa abin da Sista ta ce, har da ƙaryar ƙarin da take masa. Ya rufe fuska da hannu, baƙin mai ya ɓata masa goshi.

"Ashe taki nake sha… Sori, Madam. Wallahi ban sani ba."

"Sori ba magani ba ne. Gobe da safe asibitin unguwa za ni. Ka zo mu je."

"Umma fa?"

"Umma ba ta ɗauke da cikin nan."

Da yamma Hajiya ta buɗe gwangwani ta miƙa hannu yadda ta saba. 'Yar Shiru ta durƙusa, amma jakarta na rungume a ƙirji.

"Umma, ki gafarce ni. Ba zan bayar ba."

"Me kika ce?"

"An ce in muka ci gaba da rabawa, jaririn zai ɗauka, mu ma maganin ya daina yi mana aiki. Asibitin nan namu suna bayarwa, shi ma a buɗe masa nasa…"

"La'ilaha illallahu!" Hajiya ta tafa hannu. "Yau shiru ya yi baki! Wato ki shanye ke kaɗai ɗana ya mutu ko? Daman na san a rina! Wa ya sani ma ko ke kika kwaso mana jangwam ɗin daga gidanku?"

"Umma!" Injiniya ya ɗaga murya, abin da bai taɓa yi ba.

"Rufe min baki, sakarai! An shanye ka! To ka ji da kyau: in ƙafarka ta taka asibitin nan Rediyo ta gan ka, aka fasa auren ƙanwarka, ban yafe maka nonon da ka sha ba!"

Duk ɗan da ya sha nono ya san nauyin wannan magana. Injiniya ya zame ƙasa ya zauna. 'Yar Shiru ta dube shi, ya kasa dubanta. Ta miƙe da ƙyar tana dafa kujera.

"Umma, na yi miki biyayya har na kusa ba da ɗana. Abin da ya saura ba nawa ba ne balle in bayar."

Ta shige ɗakinta, ta haɗiye ƙwayarta da ruwa, sannan ta kifa kai a kan keken ɗinki ta yi kuka mai isarta.

Washegari da hantsi ta yi wanka ta sa kayanta masu kyau. Injiniya ya riga ya fita, ko shayi bai sha ba. Ta bi ta gaban jerin shaguna a hankali.

"'Yar Shiru, ina zuwa haka?" Rediyo ta leƙo daga bayan yadudduka. "Na ɗauka ke 'yar babban asibiti ce, namu bai kai matsayinki ba?"

"Ina kwana, Anti. Na dawo gida ne."

Ta shiga tana jiran ta ga ƙofar da aka rubuta sunan ciwonta a kai. Ba ta gani ba. Benci ne dogo a baranda: ga tsoho mai ciwon suga yana mita, ga mata da jarirai sun zo rigakafi, ga wani da ya yanke da gilashi. Kowa ya riƙe katinsa, kowa da abin da ya dame shi. Ma'aikaciyar da ta karɓi takardarta ta shigar da ita ɗaki, ta rufe ƙofa, ta ce abin da aka faɗa a nan, a nan yake kwana.

Ta fito ta zauna jiran kira wajen ba da magani, sai ta ji ƙamshin fetur da baƙin mai. Bencin ya motsa. Injiniya ne, da rigar aiki, ya zauna har kafaɗarsa na taɓa tata.

"Matsa mana, Madam, ke kaɗai kin cinye benci."

Ta kalle shi. "Umma fa?"

"Daga wajenta nake. Na buɗe shago na kasa ɗaga ko sifana, na koma na durƙusa mata. Na ce, Umma, in na kwanta ciwo mutane za su yi magana, in na mutu ma za su yi, kuma a zaman makokina ba a ɗaura wa kowa aure. Na ce ki zaɓa, ɗa mai hawa layi ko ɗa a makara."

"Ta ce me?"

"Ta jefe ni da murfin gwangwani." Ya nuna gefen kunnensa. "Amma ba ta maimaita waccan maganar ba. Na tsaya na jira, ba ta maimaita ba."

'Yar Shiru ta yi dariya da hawaye a haɗe. Ranar aka buɗe masa kati, aka duba tarinsa, kowa ya fito da robarsa.

Kada wani ya zaci Rediyo ta yi shiru. Ta yi aikinta! Mata biyu suka zo suka karɓe ɗinkinsu daga wajen 'Yar Shiru ba a gama ba. Dangin saurayin ƙanwar suka aiko da tambaya a kaikaice. Ƙanwar da kanta ta ce a je a gwada ta, a gwada saurayin, aka je, aka dawo, aka sa rana. Kafin wata ya zagayo sai ga mai shagon taya ya gudu da kayan wani, Rediyo ta canza tasha. Gulmar da aka kusa ba da rai saboda ita, iyakar tsawon ranta ke nan.

Hajiya dai ta ɗauke musu wuta. In 'Yar Shiru ta gaishe ta sai ta amsa wa bango. 'Yar Shiru ba ta fasa gaisuwa ba, ba ta fasa share mata ɗaki ba, ba ta kuma fasa shan ƙwayarta ba. Waya ta sa musu ƙararrawa, tana kaɗawa su biyu su miƙe, shi ya ɗebo ruwa ita ta buɗe robobi. Tarinsa ya tafi, kumatunsa suka dawo. Gab da haihuwa aka sake gwada jininta, ma'aikaciyar ta yi murmushi ta ce cutar ta kwanta.

A asibitin unguwa ta haihu, namiji, mai kuka kamar sabon janareto. Aka ba su maganin ruwa na jarirai, aka nuna mata yadda za ta ɗiga masa kullum. Hajiya ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta leƙa jikanta, idonta ya sauka a kan 'yar kwalbar.

"In ya rage…" ta fara, don hali zanen dutse ne.

"Ba zai rage ba, Umma," in ji 'Yar Shiru a tausashe.

Da lokaci ya yi aka ɗibi jinin jaririn a diddige. Ranar karɓar sakamako suka fito, ita da goyo, shi da jaka. Da suka waiwaya sai ga Hajiya can baya da mayafi, wai zare za ta saya. Zaren bai tsaya da ita a ko wane shago ba sai bakin ƙofar asibiti.

Ma'aikaciyar ta buɗe fayil ta duba, ta ɗago.

"Bai ɗauka ba. Za mu sake gwadawa nan gaba, da kuma bayan yaye, ku dai ci gaba yadda kuke yi. Amma yau ku je ku yi barci."

Injiniya ya faɗi ya yi sujada a kan siminti. 'Yar Shiru ta ƙanƙame ɗanta. Sai ƙofa ta buɗe ba sallama, Hajiya ta faɗo, ashe kunnenta na jikin ƙyaure.

"Me aka ce? Ku gaya min, me aka ce?"

"Lafiyarsa ƙalau, Umma."

Hajiya ta zube a kujera ta fashe da kuka. Ta miƙa hannu, aka ɗora mata jaririn. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "'Yar nan, da na kashe shi da hannuna. Ki yafe min."

"Ba komai, Umma. Tsoro ne, mu ma mun ji shi."

Ma'aikaciyar kuwa ƙafafun Hajiya take kallo. "Mama, wannan kumburin fa? Me kike sha?"

"Na hawan jini ne, na marigayi. In kaina ya sara sai in ɓalli ɗaya."

"Yaushe ya rasu?"

Da ma'aikaciyar ta ji yawan shekarun da ya yi da rasuwa sai ta jawo abin awo ba ta ƙara tambaya ba. Kafin azahar an buɗe wa Hajiya Kemis nata katin, an aiki Injiniya gida ya ɗauko gwangwani. Hajiya ta bi gwangwanin da kallo har aka shige da shi ciki, kamar ana kai ɗan'uwanta kurkuku.

Suka fito su huɗu, Hajiya a gaba da jika a kafaɗa. Rediyo ta miƙo wuya.

"Hajiya, lafiya dai na gan ku gida guda a asibiti?"

Hajiya ta ja ta tsaya a tsakiyar titi. "Lafiyar muka je karɓowa, ga ta nan a kafaɗata. Wata mai zuwa ma za mu dawo, ki tanadi kujera mai kyau kada bayanki ya yi ciwo wajen leƙe!"

Yaron nan yanzu yana gudu a tsakar gida yana kwance wa ubansa sukurori. Haƙurin uwarsa ya biya ta, sai dai a lura da irin haƙurin: ta haƙura da zagi, ta haƙura da gaba, amma ba ta haƙura da maganinta ba. Biyayya ga iyaye wajibi ce, iyakarta inda rai ya shiga. Maganin wannan ciwo na nan a asibitoci da cibiyoyin lafiya, wataƙila wanda ya fi kusa da kai kana hango rufinsa daga ƙofar gidanka. Kowa ya karɓi nasa, ya sha nasa, kullum.

Ku kuwa 'yan bakin shago, da ku masu tsoronsu, ga tambaya. Tun da aka fara gulma a duniya, wa ta taɓa kaiwa kabari in ba wanda ya bar maganinsa saboda ita ba? Wanda ya san mutum ɗaya tak, ya tashi ya ƙaryata ni.